Laifin Ƙafar Tela

Yayana tela ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan keken ɗinki, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya dawo ya ce an ci masa yadi ba. Idan ƙyalle ya ragu, ko da bai fi tafin hannu ba, sai ya naɗe shi ya cusa a aljihun rigar, mai kaya ya je gida ya gani. Wannan mutumin ne wani kamfani ya sa sunansa cikin 'yan maguɗi, a kan wasan kwamfuta, yana da shekara sittin da uku. Na zauna na rubuta ne domin duk lokacin da na fara ba da labarin da baki, mutane dariya suke yi tun ban kai tsakiya ba, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Ni ce autar gidanmu, shekara goma sha biyu ya ba ni. Yanzu ina da furfura, ina da jika, amma a bakinsa har gobe ni Auta ce. Shi ya ɗinka min kayan makaranta tun daga aji ɗaya har na gama sakandare, kullum kuma sai ya bar wa siket ɗin ninki mai faɗi a ƙasa, wai zan ƙara tsawo. Ban ƙara ba.

Shagonsa ɗan siriri ne, tsakanin mai yankan makulli da kantin magani. Keke ɗaya, teburin yanka ɗaya, sai benci a bakin ƙofa. Bencin nan ba ya rabo da mutane. Yaya ba mai surutu ba ne, amma yana son a yi surutu kusa da shi. Ana musu a kan ƙwallo, ana gulmar gwamnati, shi kuwa kansa a sunkuye, ƙafarsa tana kan feda, wato farantin ƙarfen nan da ake takawa keke ya juya. Sa'anninsa duk sun koma keken lantarki, shi ya ƙi. Ya ce moto ba ya jin yadi. Da ƙafar hagu yake takawa, taku ɗaya ba ya fin ɗan'uwansa, tun safe har yamma. Mai makulli ya sha cewa idan ƙarar ta tsaya shi ma hannunsa rikicewa yake yi.

Matarsa ta rasu. Ɗansu ɗaya, aiki ya kai shi wata ƙasa. Shekara huɗu bayan rasuwar, wata safiya yana auna wa wani kafaɗa, tef ya faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ya tafi gaba ɗaya, na hagun yana rawa, ƙafar dama sai ja. Magana kuwa tana nan daram a kansa, amma kafin ta iso baki sai an jira.

Jiran nan shi ne abin da mutane suka kasa. Makon farko ɗakinsa ba wurin ajiye takalmi. Wata na biyu sai ɗaiɗai. 'Yan bencin nan da suka yi shekara da shekaru suna shan inuwarsa, idan suka zo, ya fara magana, sai su ƙarasa masa, galibi kuma ba abin da zai faɗa ke nan ba. Sai ya gyaɗa kai ya bar su a haka. Daga baya ma suka daina zuwa. Aka ba da shagon, aka kawo keken ɗakinsa aka jingine a jikin taga, aka lulluɓe shi da tsohon zanen gado.

Ni ina aiki a ɗakin katunan marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti. Ƙarfe uku nake tashi, in biya ta wurinsa da abinci, in wanke abin da ke buƙatar wanki, in wuce gida. Sau da yawa zan same shi yadda na bar shi jiya, a kujera, fuskarsa ga bango, rediyo yana ta magana shi kaɗai.

Da ɗansa ya zo hutu, ya zo masa da kwamfuta, ya sa masa wani wasa na tseren kwale-kwale. Mutum huɗu ne a jirgi ɗaya, kowa yana gidansa, ko'ina yake a duniya. Ana kaɗa ganga a cikin wasan, kowa ya danna madanni daidai da bugun, kwale-kwalen ya ci gaba. Idan ɗaya ya yi gaggawa ko ya makara, sai jirgin ya karkace. Akwai abin sawa a kunne da za ka ji muryar sauran ukun, su ma su ji taka. Ni dai da na gani cewa na yi, "Kai, ubanka ka kawo wa abin wasan yara?" Yaya ya gwada da hannun hagu, yatsan yana rawa, yana danna biyu a maimakon ɗaya. Ya ture abin gefe. Ɗan ya koma inda ya fito.

Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo da wayoyi ne, kowa Injiniya yake ce masa. Shi ne ya shigo wata rana karɓar aron almakashi, ya ga kwamfutar, ya ga keken, ya tsaya yana sosa ƙeya. Washegari ya dawo da 'yar waya da wani ɗan makunni. Ya kwanta a ƙasa da ƙaton cikinsa, ya cire bel ɗin keken, ya ɗaure makunnin a ƙarƙashin feda, ya ja wayar zuwa kwamfuta.

"Taka mu gani, Maigida."

Yaya ya ɗora ƙafar hagu. Ganga ta fara, ya taka. Ban taɓa mantawa da fuskarsa ba a lokacin. Bai yi murmushi ba, gyara zama kawai ya yi, ya sunkuyar da kai kamar akwai yadi a gabansa.

Cikin wata guda ya samu mutanensa. Wasan ne ya haɗa su sau ɗaya bisa dace, suka ƙi rabuwa. Akwai Mai Gadi, wanda ke gadin wani sito, yana wasa kafin ya tafi aiki. Akwai Sista, nas ce a wani wuri, tana shiga idan ta taso daga aikin safe. Akwai Direba, mai tasi, wanda ke ajiye motarsa a inuwa ya yi wasa a waya. Ba su taɓa ganin juna ba, ba su san sunan juna na gaskiya ba. Ƙarfe huɗu na yamma ne lokacinsu, kullum. Shi kuwa Baba Tela suke ce masa.

Ina wanke kwanuka ina jin su, don ba ya son abin kunne, sai ya buɗe muryar a fili.

"Direba, wannan tuƙi ne ko neman fasinja kake yi?" in ji Sista.

"Ke Sista, allura kika iya, bar mana ruwa."

"Ku bi Baba Tela, ku daina bin gangar nan," in ji Mai Gadi. "Ganga tana kuskure, Baba ba ya yi. Baba, gaskiya ne kana da mata huɗu a cikin kwamfutar nan?"

Sai a yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya sa na so su. Sista ta saba da masu irin ciwonsa, ita ta koya musu. Ba mai ƙarasa masa. Su jira, kwale-kwale yana tafiya, har maganar ta fito.

"Biyar... ne. Ɗaya... tana... yaji."

Direba ya yi dariya har ya ɓata bugu, jirgin ya bugi dutse, Sista ta zage shi tas.

Shekara ɗaya da wata biyar suka yi haka. Suka hau matakai, har sunan jirginsu ya shiga cikin na gaba-gaba. Yaya ya koma aske gemu. Ya koma tambayata ƙarfe nawa. Idan na makara da abinci sai ya ce in ajiye, yana da aiki.

Sai wata Talata, ƙarfe huɗu ta yi, sunayen ukun suka fito toka-toka, alamar ba sa nan. Ya aika musu gayyata, ba amsa. Ya jira har biyar. Laraba haka, Alhamis haka. Idan ya danna neman tsere, sai a jefa shi jirgi da baƙi, waɗanda ko dai ba sa magana sam, ko kuma ashar suke zubawa. Ba shi da lambar wayar ko ɗaya daga cikin mutanensa. Dokar wasan ta hana musayar lamba, Yaya kuma idan aka ce doka ce, to shi ke nan. Ban da haka ma, me za su yi da lamba, mutanen da ke haɗuwa kullum?

Mako uku bai gaya min ba. Ni ce na lura gemu ya dawo, na kuma daina jin muryar Mai Gadi. Na tsare shi da tambaya.

"Sun... gaji, Auta."

"Wa ya gaji? Da wa?"

"Ba... laifinsu... ba ne. Ana... gajiya."

Ya faɗe shi ba fushi, kamar wanda dama yake jiran ranar. Kuma duk da haka, ƙarfe huɗu na yi sai ya ja kujera zuwa gaban keke, ya aika gayyata, ya zauna yana kallon sunaye uku. Ni kuwa na ci musu mutunci a zuciyata ba iyaka, musamman Sistar nan.

Wata rana na tsaya a bayansa ina kallon tseren da yake yi da baƙin. Sai na ga wani kwale-kwale ya ratsa ta cikin dutse ya fito ta ɗaya gefen. Wani kuma ya tashi sama kamar tsuntsu. Wani ya isa ƙarshe tun ba a gama ƙirga uku ba. Ban san wasa ba, amma na san jirgi ba ya tashi. Na leƙa na kira Injiniya.

Ya kalli tsere biyu, ya ciro wayarsa ya yi ta karatu, sannan ya ja ni waje bakin ƙofa.

"Anti, an jefa shi tafkin ɓarayi."

Na ce ya yi min bayani yadda zan gane. Ya ce akwai masu sa wa kwamfuta wata dabara ta riƙa danna musu, su suna kwance suna cin nasara. Kamfanin yana da inji mai auna tazarar da ke tsakanin dannawa da dannawa. Ɗan Adam dole ya ɗan yi gaba, ya ɗan yi baya. Idan injin ya ga wanda ba ya kuskure, sai ya ce wannan ba mutum ba ne. To da can korar su ake yi, amma wanda aka kora sai ya buɗe sabon suna ya dawo. Shi ne suka canza dabara: ba a kora, ba a kuma faɗa. A ɗauke ka shiru a kai ka wani ɓangare inda duk 'yan maguɗi ne, ku yi ta cutar juna. Abokanka su gan ka kamar ba ka nan, kai ma ka gan su haka. Gayyatarka ba ta isa ko'ina.

"Wato kana nufin su ma suna can suna jiransa?"

"Mai yiwuwa ne, Anti."

Mu a wurin aikinmu, idan ka ɗauke katin mutum daga wannan kanta zuwa waccan, dole ka bar takarda a gurbin, ka rubuta inda ya tafi da wanda ya ɗauka. Kati ke nan, kwali. Su kuwa sun ɗauke mutum sukutum, sun bar shi yana buga ƙofar da suka san an toshe ta, don kada ɓarawo ya gane an kama shi. To wanda ba ɓarawo ba fa, ta ina zai gane?

Na koma ciki na gaya masa. Na zaci zai yi murna da jin ba guje masa aka yi ba. Ya yi murnar, na gani a idonsa, amma ba ta daɗe ba.

"Ni... suka ce... ɓarawo?"

Na fara rubuta wa kamfanin. Akwai wani wuri da ake shigar da koke. Wasiƙar farko na yi ta da ladabi, kafin in ɗaga hannu amsa ta zo, suna godiya, wai sun duba sosai, hukuncinsu yana nan. Yaushe suka duba? Ko atishawa ba a gama yi a wannan lokacin. Ta biyu, amsa iri ɗaya. Ta uku, iri ɗaya, har da fatan zan ci gaba da jin daɗin wasa. A ta bakwai na ajiye ladabi. Na rubuta cewa idan akwai mai jini a jiki a ginin nan, ya karanta: wanda kuka kama tela ne mai shanyewar jiki, da fedar keken ɗinki yake wasa, laifinsa shi ne ya iya aikinsa, kuma idan ba a amsa min da hannun mutum ba zan rubuto kullum har in mutu, kuma danginmu suna daɗewa.

Bayan kwana tara mutum ya amsa. Wata ma'aikaciya ce mai duba koke-koke. Ta nemi mu yi magana ta bidiyo, muka yi a lokacin hutuna na rana, ina tsakanin kantocin katuna. Yarinya ce da ba ta fi sa'ar 'yata ba, idanunta sun faɗa. Na shirya mata wankin babban bargo, amma ta riga ni magana.

"Mama, kada ki ji haushi. Koke ɗari huɗu nake dubawa a rana. Kowa yana da kaka marar lafiya, kowa ƙaninsa ne ya taɓa masa kwamfuta. Cikin goma, tara ƙarya ne. Amma keken ɗinki ban taɓa ji ba. Ki turo min bidiyo, in ga ƙafar da fuskar kwamfutar a lokaci ɗaya."

Ranar ɗaukar bidiyon, Yaya ya ce sai an yanke masa farce, sai an goge masa wando. Na ce ƙafa kawai za a ɗauka. Ya ce ai ita ce ake tuhuma. Injiniya ya riƙe waya, ni na ɗage labule don haske. Minti goma yana takawa.

Ta sake kirana bayan kwana biyu. Ta ce sau uku ta kalla, har ta kira na kusa da ita suka kalla tare. Ta ce za ta cire shi daga can. Na fara godiya, sai ta dakatar da ni.

"Akwai saura, Mama. Ni hukunci nake iya ɗagewa, injin ba a hannuna yake ba. Idan ya koma yana takawa haka, zai sake kama shi. Kamu na biyu kuma rufe suna ne gaba ɗaya, ba koke."

"To ki rubuta a jikin sunansa cewa an duba, mutum ne."

Ta ce akwai jerin kayan da aka yarda masu lalura su yi amfani da su, amma sai wanda aka saya daga kamfanonin da suka sani, mai lamba a jiki. Na ce keken ma yana da lamba, an zana ta a ƙarfe tun kafin a haife ta. Ta yi 'yar dariya, ta ce ba irin wannan ba. Ta ce ta tura maganar sama, an ce mata idan aka buɗe wa mutum ɗaya, gobe mutum dubu za su zama teloli.

"To me kike so ya yi?"

Ta kalli gefe, ta rage murya.

"Ya riƙa kuskure. Kaɗan-kaɗan. Duk taku goma ko sha biyu, ya ɗan makara."

Haka na je na gaya wa mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyara ƙafarsa, cewa sharaɗin komawa cikin mutane shi ne ya ɓata ta. Ya dube ni ya daɗe.

"Ɗinkin... banza... kike so... in yi."

"Ba ni ba ce, Yaya. Kana son jirginka ko ba ka so?"

Kwana uku muka yi muna koyo kafin a buɗe masa. Ina zaune a ƙasa kusa da keken, hannuna a kan gwiwarsa, ina ƙirgawa a zuci, idan na kai goma in danna gwiwar, shi kuma ya riƙe ƙafar. Na ga yana zufa. Ya ce ya fi koyon tafiya wuya. Wani lokaci in danna, ƙafar ta wuce abinta, ya dube ta kamar ba tasa ba.

Mako goma sha ɗaya cif da ɗauke shi, ranar wata Litinin, ƙarfe huɗu, sunayen ukun suka fito kore. Kafin ya taɓa komai, gayyata ta shigo.

"Baba Tela! Baba Tela, kai ne?" in ji Mai Gadi. "Wallahi mun ɗauka ka mutu. Har addu'a na yi maka. Sista ta yi kuka, kada ta musa."

"Ƙarya yake yi, mura nake yi," in ji Sista. "Baba, ina ka shiga? Asibiti?"

Suka jira. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Kurkuku."

Ni na yi musu bayani a gurguje. Direba ya yi ta zagin kamfanin har Sista ta ce ya yi hankali kada shi ma a kai shi. A nan ne muka ji wata murya ta biyar da ba mu sani ba. Ashe bayan wata ɗaya suna jira, sun ɗauki wani malamin makaranta a gurbinsa, tunda jirgi ba ya tafiya da uku. Mutumin kirki ne. Ya ce kullum labarin Baba Tela ake ba shi har ya gaji, yau zai sauka ya ga abin da idonsa.

Ganga ta fara. Ina ƙirgawa, ina danna gwiwa, yana riƙewa. Duk riƙewa sai kwale-kwalen ya ɗan karkace, domin su ukun shi suka saba bi. Jirage biyu suka wuce su, na uku ya wuce.

"A'a, Baba, kurkuku ta cinye ƙafar ne?" in ji Direba. Wasa yake yi, amma ba wanda ya yi dariya.

"Bar shi, a hankali zai dawo," in ji Sista, da irin muryar da muke yi wa marasa lafiya a wurin aiki. Na san muryar, shi ma ya san ta. Ita ce muryar 'yan benci a zuwansu na ƙarshe.

Na kai goma, na danna. Sai na ji hannunsa na hagu, mai rawar nan, ya kama nawa ya ɗauke shi daga gwiwar, ya ajiye min a cinyata. Na ce, "Yaya, ka san abin da yarinyar nan ta ce." Bai dube ni ba. Ya gyara zama.

Ban san wasa ba, na faɗa, amma na ga yadda jirgin ya miƙe. Mai Gadi ya fara ihu, "Ya dawo! Ku bi shi! Direba rufe bakinka ka bi shi!" Suka wuce na uku, suka wuce na biyu a kwana, na farkon kuma daf da ƙarshe. Malamin da ke kallo yana ta cewa kai, kai, kai. Suna cikin ihun ne na gane cewa ba mantuwa ya yi ba, ya san abin da ya zaɓa. Sai na matsa bakina kusa da kwamfutar na ce kowa ya nemo biro. Na faɗi lambar wayata sau biyu, a hankali. Doka ta hana, na sani. Tunda maguɗi suke nema a gidan nan, ga shi na yi musu guda ɗaya na gaskiya.

Tsere huɗu suka yi ran nan, suka ci huɗu. Washegari suka yi uku. Ranar Laraba ya kunna, sai rubutu ja ya fito, an rufe sunan har abada saboda maimaita laifi. Wannan karon dai sun faɗa. Na tura wa yarinyar saƙo, ta amso da layi ɗaya, ta ce ta yi baƙin ciki, ba abin da za ta iya.

Injiniya ya ce abu ne mai sauƙi, a buɗe sabon suna da wani imel, ya ɗan yi wata biyu kafin a sake kama shi, a sake buɗe wani. Ɗansa ma haka ya ce a waya. Yaya ya ce a'a. Ya ce wannan shi ne abin da ɓarayin suke yi, shi kuma da sunansa ya shiga. Na yi masa faɗa, na ce taurin kai ne, ya bar ni na gama, bai canza ba.

Direba bai taɓa kira ba, wataƙila bai samu biro ba. Sista ta turo saƙon murya sau biyu, tana tambayar ko yana shan magani. Mai Gadi ne ya riƙe. Da farko kullum yake kira, daidai lokacin da ya san ina can. Amma waya ba jirgi ba ce. A jirgi, idan aka yi shiru, akwai aikin da ake yi tare. A waya shiru shiru ne, sai ka ji mutum yana numfashi yana neman abin faɗa. Yanzu ya koma sau biyu a mako, Laraba da Asabar, kuma ban ga laifinsa ba.

Jiya ya kira. Na miƙa wa Yaya wayar, na buɗe muryar. Mai Gadi ya ce sun zo na huɗu, Direba ya canza mota, Sista an mayar da ita aikin yamma, don haka wataƙila ita ma sai sun nemi wata a gurbinta. Yaya ya saurara, sannan ya fara haɗa magana.

"Malamin... yana... gaggawa... a kwana. Ka ce... ya jira... jirgin."

"Zan gaya masa, Baba. Wallahi zan gaya masa. To bari in shirya, wanda zan karɓa a wurin gadi yana jira."

Ya kashe. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, na gani a fuskar wayar. Yaya ya miƙo min ita.

"Yau... Laraba?"

Na ce Laraba ce.

"To... sai Asabar."